Injiniya, Ina Littafin?

Da safiyar Juma'a 12 ga Yulin 2024, yara na zaune cikin aji a makarantar Saints Academy da ke unguwar Busa Buji a Jos, bene ya rufta da su. Mutum 22 suka rasu, akasarinsu ɗalibai, aka kwashi fiye da ɗari zuwa asibiti. Ba girgizar ƙasa aka yi ba, ba kuma bam ne ya tashi ba. Ginin ne ya kasa ɗaukar abin da aka ɗora masa. Muka yi salati, muka yi ta'aziyya, gwamnati ta kafa kwamiti, kafin wata ya zagayo wani labarin ya danne wannan. Haka muka yi a ƙarshen Agustan 2022, lokacin da bene mai hawa uku da ake kan ginawa ya zube a kasuwar waya ta titin Beirut a Kano. Haka aka yi a Legas a Satumbar 2014, ranar da masaukin baƙi na cocin Synagogue ya danne mutum 116.

Jama'a, ajali gaskiya ne, babu mai ja da wannan. Amma addinin da ya koya mana yarda da ƙaddara shi ne kuma ya ɗora diyya a wuyan wanda sakacinsa ya kashe rai. Hannun mutum ne ke rage rodi. Hannun mutum ne ke ƙara yashi ya rage siminti, hannun mutum ne kuma ke karɓar na goro ya buga hatimi a kan zanen da bai buɗe ba. Mu daina ɓuya a bayan "haka Allah ya so" alhali mun san wanda ya auna, mun san wanda ya sa hannu.

Abin takaicin shi ne, littafin da zai hana yawancin wannan ɓarna yana nan. Tun 1987 aka fara maganar haɗa wa Nijeriya kundin ƙa'idojin gini, aka yi ta jan ƙafa har 2006, zamanin mulkin Obasanjo, sannan aka fitar da shi. Ƙwararru daga fannoni bakwai suka zauna a kansa: masu zanen gini, injiniyoyi, ƙwararrun magina, masu tsara birane, safiyo masu awon ƙasa, masu ƙididdigar kayan aiki da kuɗinsu, da masu kimanta kadarori. Kundin ya bi gini tun kafin a zana shi, zuwa zane, zuwa aiki, har bayan an tare. Ya rarraba gine-gine bisa amfanin da za a yi da su, domin makaranta daban, gidan kwana daban, sito daban, wurin taro daban. Ya faɗi wanda zai duba harsashi da wanda zai sa hannu kafin a wuce zuwa mataki na gaba, ya kuma ce kada a tare sai an ba da shaidar cewa ginin ya dace da zama.

To, me ya hana shi cizo? A 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a shari'ar da Jihar Legas ta shigar da Gwamnatin Tarayya, cewa tsara gari da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. Ke nan duk kyan abin da aka rubuta a Abuja, sai majalisar dokokin jiharka ta mai da shi doka, sai kuma hukumar jiharka ta tsaya a kansa, kafin ya kama kowa a Kano ko Katsina ko Bauchi. Wannan gyara a ƙofar gidanmu yake, wurin ɗan majalisar da muka zaɓa, wanda muka san gidansa muka san motarsa.

Sai dai kafin na isa ga 'yan majalisa, da ku zan fara, ku ma'abota sana'ar.

Injiniya, ina littafin? A wace kanta yake kwance? Yaushe rabonka da buɗe shi? Akwai wata cuta da ta kama ƙwararrunmu, wato ganin cewa duba littafi a gaban mutane kasawa ce. Sai ka ji ana cewa, "Ai shekarata ashirin ina wannan aiki, a kaina yake." Alƙalin da ya yi furfura a kan kujerar shari'a har gobe yakan jawo littafin Muhtasar ko Tuhfa kafin ya yanke hukunci, babu kuwa wanda ya taɓa raina shi don haka. Ba a rubuta kundin ƙa'ida don a haddace shi a jami'a a ci jarrabawa a jefar ba. An rubuta shi ne don a koma masa duk ranar da aka zo kan tambaya: faɗin matakalar bene nawa ne ga makarantar da ke da yara ɗari biyar? Ƙofofin fita nawa? Tazarar rijiya da masai fa? Ƙwaƙwalwa takan manta, takan kuma bi son rai idan mai kuɗi na tsaye a kanka. Abin da ke rubuce ba ya sauyawa don ganin idon Alhaji.

Bari mu yi lissafi a fili, don wanda bai taɓa riƙe cokalin gini ba ya ga abin da ake wasa da shi. Kankare mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, tsayin mita ɗaya, nauyinsa wajen kilo 2,400 ne. Ɗauki aji mai mita 7 da mita 8, a zuba masa dakin mai kaurin santimita 15. Nauyin wannan dakin kaɗai ya haura tan 20, wato nauyin buhun siminti 400, kafin a ɗora bulo, kafin a kawo benci, kafin yaro ɗaya ya taka. Wannan ne ke rataye a saman kan ɗanka daga ƙarfe takwas zuwa tashi. Abin da ke riƙe da shi kuwa rodin da ke ciki ne, da ginshiƙan da ke ƙasa, da lissafin wani mutum da ba ka taɓa gani ba.

Yanzu ga inda ake yanka mu. Zane ya ce a sa rodi mai milimita 16. Ɗan kwangila ya duba farashi, ya ce wa mai ɗaurin rodi, "Sa mai 12, ai bambancin kaɗan ne." A ido bambancin milimita huɗu ne. A lissafi kuwa, kaurin ƙarfen da ke cikin mai 16 ya kai murabba'in milimita 201, na mai 12 kuma 113 ne kacal. Kusan rabin ƙarfen ya tafi ke nan, kashi 44 cikin ɗari. Idan mai 10 aka sa a gurbin mai 12, an zubar da kusan kashi 30. Da zarar an zuba kankare a kai, shi ke nan, babu idon da zai sake gani. Ɓarawon akuya ana iya bin sawunsa, amma wannan sata an binne ta da siminti, an shafe da filasta, an yi mata fenti.

Haka batun ruwa. Lebura ya fi son kankare mai ruwa-ruwa domin ya fi sauƙin ɗiba a kwanon sarki, ya fi sauƙin bin lungun katako. Amma duk ruwan da ya wuce ƙa'ida ƙarfi yake ragewa. Kwaɓin da aka saba ji, ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, da awo ake yinsa, ba da ƙiyasin shebur ba. Yashin da ke haɗe da laka ko shara ba ya kama siminti. Bayan an zuba kuma, kankare na bukatar ban-ruwa aƙalla kwana bakwai, musamman a zafin bazara da bushewar hunturu irin namu, kuma sai ya cika kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa. Shi ya sa ƙa'ida ta tanadi a ɗebi samfuri a 'yan akwatuna masu santimita 15, a kai ɗakin gwaji a matse su a ga iyakar juriyarsu. Gine-gine nawa ne a unguwarku aka yi wa wannan gwaji? Nawa ne aka cire musu katako da gorar tokari tun kankaren bai nuna ba, don kafinta na sauri ya kai su wani aikin? Ga kuma 'yan ƙananan biskit ɗin siminti da ake tokare rodi da su don kada ya kwanta a kan katako. Abu ne da bai kai komai ba, amma in babu shi rodi zai fito fili, damshi ya same shi, ya yi tsatsa, ya kumbura, ya fasa kankaren daga ciki. Duk waɗannan a rubuce suke. Babu ɗaya da yake sirri.

Ku kuma masu ba da gini, Alhazai da Hajiyoyi, kada ku ce ba ruwanku. Sau da yawa daga bakinku ɓarnar ke farawa. "Injiniya, rage mana rodin nan, ai ba gada muke ginawa ba." "Haka aka yi wa maƙwabcina, ga shi nan tsaye." An yi harsashin hawa ɗaya, kasuwa ta yi kyau, sai a ce a ɗora biyu. An gina gidan kwana, sai a mai da saman sito. Lissafin dakin na gidan kwana bai wuce kilo 150 zuwa 200 a kan kowace murabba'in mita ba, na aji kuma wajen 300. Jera buhunan shinkafa goma-goma a wurin, ka ɗora tan ɗaya ko fiye a inda aka yi wa tanadin kilo 200. Tankin ruwa mai lita 5,000 da ka sa aka haura da shi saman bene, tan biyar ne idan ya cika. Wa ka tambaya kafin ka ɗora?

Ku tuna da Ikoyi. Ranar 1 ga Nuwamban 2021 bene mai hawa 21 ya zube a titin Gerrard a Legas, ya kashe sama da mutum 40. Shugaban hukumar kula da gine-gine ta jihar ya ce izinin hawa 15 aka bayar. Tun a Fabrairun 2020 kamfanin injiniyoyin da ya fara aikin ya rubuta wasiƙar janye hannunsa, yana cewa ba zai tsaya wa ingancin abin da bai duba ba. Aka ci gaba da hawa. Mai ginin kansa yana ciki ranar da ya faɗi, kuma bai fito da rai ba. Wannan ba ginin talaka ba ne, ba rashin kuɗi ba ne. Rashin jin magana ne.

Wasiƙar nan ita nake so kowane matashin injiniya da mai zane ya riƙe a zuciya. Idan kai kaɗai ne a gaban mai kuɗi, ra'ayinka ne da nasa, kuma nasa ne zai yi rinjaye domin shi ke biya. Idan kuwa ka buɗe kundi ka nuna masa sashe da lamba, ka ce ba ni na faɗa ba, ga abin da aka rubuta, kuma lasisina ne a kai, to gardamar ta tashi daga tsakaninku. Littafin garkuwarka ne. Hukumar COREN ta injiniyoyi, wadda aka kafa tun 1970, da ARCON ta masu zane, da CORBON ta magina, ba don karɓar kuɗin rajista kawai suke ba. Wanda ya sayar da hatiminsa aka buga a zanen da bai gani ba, a ƙwace lasisinsa, a kuma sanar da sunansa a rediyo kowa ya ji.

Wani zai ce wannan duk tsarin Turawa ne. Ina! Kafin siminti ya shigo ƙasar Hausa muna da Sarkin Magina, kuma ba kowa ke tashi ya ce shi magini ne ba, sai ya yi shekaru a ƙarƙashin gwani. Magabatanmu sun san iyakar tazarar da azara za ta iya ɗauka, shi ya sa idan ɗaki ya faɗaɗa suke ɗaure bakan gizo ko su yi ɗaurin guga. Sun san bango yakan yi kauri a gindi ya sirance a sama. Sun san ranar yaɓe, sun san amfanin makuba, sun san inda indararo zai zubar da ruwa ba tare da ya ci gindin katangar maƙwabci ba. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu, a shekarun 1830, da ƙasa da azara, har yau masana gini na zuwa kallon bakunansa. A fiƙihun Malikiyya da muke bi ma, wani magini ɗan Tunis mai suna Ibn al-Rami ya rubuta littafi sukutum a ƙarni na 14 kan hukunce-hukuncen gini: bangon da ya karkata yana barazana ga masu wucewa, taga mai leƙa gidan wani, ruwan da ke gangara wa maƙwabci. Gini da ƙa'ida gadonmu ne. Abin da ya faru shi ne mun saki ƙa'idar tubali, ba mu kama ta kankare ba. Kuma kankare ya fi haɗari a hannun jahili, domin ginin ƙasa yakan nuna gajiyarsa a fili, mai gida ya gani ya gyara. Kankaren da aka yi bisa ƙa'ida shi ma an tsara shi ne ya tsage ya lanƙwashe ya ba da lokacin gudu. Wanda aka yi da ka, faɗuwa ɗaya yake yi.

Ƙasar da za a ɗora ginin ma abin tambaya ce. Kududdufai nawa aka cike da shara a birnin Kano aka yanka filoti a kansu? A Jos ga tsofaffin ramukan kuza. A sassan Borno da Adamawa da Gombe ga baƙar laka mai kumbura da damina ta tsattsage da rani, tana ɗaga harsashi tana saukewa. Gwajin ƙasa kafin a haƙa harsashin bene kuɗinsa bai kai na ƙofar gaban gidan ba, amma shi ake fara yankewa. Tun ran gini ran zane. Wanda ya toshe hanyar ruwa da shago kuma, 'yan Kantin Kwari sun ga sakamakonsa a daminar 2022, lokacin da ambaliya ta shiga ta jiƙa dukiya mai yawa. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Maris 2016 ta cinye dubban shaguna. Kowa ya san yadda kasuwanninmu suke: an cushe hanyoyin da motar kashe gobara za ta bi, wayoyin lantarki sun sarƙe, bene guda matakala guda. A gidajenmu kuma kowace taga an dasa mata ƙarfe don tsoron ɓarawo, babu ko ɗaya mai buɗuwa daga ciki idan wuta ta tare ƙofa.

Akwai ƙorafi guda da na yarda yana da tushe. Kundin da Turanci yake, Turancin ma na ƙwararru, kuma yawancin lissafin da injiniyoyinmu ke bi daga ma'aunan Ingila da na Turai aka ɗauko shi. Alhali wa ke gina mafi yawan gidajen Arewa? Birkila ne da kafinta da mai ɗaurin rodi, waɗanda suka koyi aiki a hannun ubangida, da yawansu ba su taɓa ganin injiniya a wurin aikinsu ba. Talakan da ke tara bulo ɗari-ɗari yana gina ɗaki biyu ba zai iya ɗaukar ƙwararru bakwai ba, kuma rashin adalci ne a ce sai ya yi. Maganin wannan shi ne a sauko da ilimin inda aikin yake. A fitar da taƙaitaccen jagora da Hausa, da boko da ajami, da hotuna, wanda zai shiga aljihun birkila: zurfin harsashi, awon kwaɓi, tsawon haɗin rodi, kwanakin ban-ruwa, ranar cire katako, da iyakar inda aikinsa ya tsaya dole a kira injiniya. Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero suna da sashen gini da sashen Hausa a haraba guda, me ya hana su zama a teburi ɗaya? Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta NBRRI tana nan, kwalejojin fasaha suna nan, gidajen rediyon da ke cika mana kunne da siyasa suna nan. Ƙungiyoyin magina da na masu buga bulo su nemi wannan a matsayin haƙƙinsu. Masu bulo kuma su ji tsoron Allah: hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta ƙayyade ƙarfin da bulo zai kai, wanda kuwa yake marmashewa tun a wurin saukewa daga mota bai kai ba, kowa ya sani.

Ma'aikatan hukumomin tsara birane, KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna, da takwarorinsu a sauran jihohi, izinin gini ba rasidin haraji ba ne. Idan aikinku ya tsaya a karɓar kuɗi da shafa jan fenti a bangon da gobe za a shafe shi da fari bayan an gaisa, to kun zama abokan tarayya a duk ran da ginin ya ci. Ku zo wurin aiki ranar da aka ɗaura rodi, kafin a zuba kankare, domin ranar ce kaɗai ake iya ganin gaskiya. Rusau bayan mutum ya gama kashe dukiyarsa shaida ce cewa ba ku zo da wuri ba. Gwamnoni su ba ku ma'aikata da motoci da kayan gwaji, su kuma daina ɗaga waya don a ƙyale ginin wane. A 2003 dokar inshora ta wajabta wa mai gina abin da ya haura hawa biyu ya yi wa aikin inshora. Wa ke tambayar takardar? Ƙasar Gana ma ta ga nata bala'in a 2012 da wani babban kanti ya rufta a unguwar Achimota ta Accra, ta fitar da nata kundin a 2018. Maƙwabta na motsi.

Saura mu, jama'ar gari. Malamai da limamai, ku hau mumbari da wannan magana kamar yadda kuke hawa da maganar tauye mudu, kuma ku fara da kanku, domin masallatai da Islamiyyu nawa ake ɗora wa bene da kuɗin taimako babu zane babu injiniya? Lebura, idan ka ga ana rage rodi, kai ne za ka tsaya a ƙarƙashin dakin nan gobe kana cire katako, ka yi magana. Ɗan haya, ka ga tsaga ta bi ginshiƙi ko rodi ya leƙo da tsatsa, kada ka yarda a rufe maka baki da filasta. Masu unguwanni da dagatai, kun fi kowa sanin filin da kududdufi ne jiya.

Iyaye, ranar Litinin ku raka yaranku makaranta. Idan bene ne, ku nemi shugaban makarantar cikin mutunci ku tambaye shi abu uku: ina takardar izinin ginin, hawa nawa aka amince, wane injiniya mai rajista ne ya sa hannu. In ya nuna, ku gode masa. In ya kasa, ku haɗu a ƙungiyar iyaye da malamai ku rubuta wa hukumar tsara birane, ku riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Sannan ku ɗauki kwafin nan ku kai ofishin ɗan majalisar jiha mai wakiltar mazaɓarku, ku tambaye shi ko jiharku ta mai da kundin ƙa'idojin gini doka, in ta mayar wa ke aiwatarwa, in ba ta mayar ba yaushe zai gabatar da ƙudurin. Ku ba shi wa'adi kafin saukar damina, ku kuma koma ranar da wa'adin ya cika.